Hannu Har Kafaɗa

Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, malamin duba auduga ne. In na faɗa wa yaran ofishinmu haka sai su kalli juna, wani ya ce, "Oga, duba irin na malamai masu bugun ƙasa?" Ka ji fa. Yaro an haife shi a Gombe, ya yi digiri a kan noma, bai san an taɓa yin mutumin da aikinsa kawai ya taɓa auduga ya faɗi lambarta ba.

To bari in yi bayani, tunda yanzu komai sai an yi bayani. A da, in kaka ta yi, manoma kan kawo audugarsu fuloti, wato filin da ake sayenta. A jera buhuna, malamin duba ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta fito fara tas, busasshiya, ba ganye ba ƙasa, lamba ɗaya ce. Wadda ta ɗan yi dauɗa lamba biyu. Lamba uku kuwa sai dai a ce wa mai ita Allah ya ba da haƙuri. Abin da manomi zai koma gida da shi bayan wahalar shekara guda yana rataye ne a bakin Baba.

Kuma Baba ba ya ɗiba daga sama. Wannan kowa ya sani tun daga nan har ƙauyukan da jirgin ƙasa bai taɓa zuwa ba. Zai tuɓe babbar riga, ya naɗe hannun ta ciki, ya cusa hannunsa cikin buhu har kafaɗa, ya damƙo daga can tsakiya. Dalili kuwa, manomi ba wawa ba ne: mai kyau yake sawa a baki, jiƙaƙƙiyar da mai yashi su kwanta a ciki. Baba ya sha zaro tsakuwa, ya taɓa zaro ɗan dutsen niƙa, mai buhun kuma ya rantse bai san yadda aka yi ya shiga ba. Abin da yake taƙama da shi a duniya guda ɗaya ne, kuma mun ji shi har mun haddace: "Bakin nan bai taɓa ba auduga lambar da ba tata ba."

Ba cika baki ba ne, akwai shaida a gidanmu, kuma a kanta aka haife mu. Lokacin da Baba ke neman auren mahaifiyarmu, wadda muke kira Dada, sai ga mahaifinta ya kawo audugarsa fuloti. Tsoho ya tsaya yana murmushi, yana ganin ai surukinsa ne ke riƙe da alƙalami. Baba ya gaishe shi har ƙasa, ya tashi, ya naɗe hannu, ya cusa, ya zaro, ya duba. Ƙwaro ya taɓa ta, duk ta yi tabo rawaya-rawaya. Ya ce, "Baba, lamba uku ce." A gaban jama'a! Tsoho ya juya. Ya sa aka ɗora masa buhunansa a jaki ya koma da su gida. Ya sa mata suka gurje ta, suka shiɓe ta, aka ɗinka katifa da ita, aka sa a cikin kayan ɗakin Dada. Ranar da aka kawo amarya ya aiko da saƙo: tunda ango ya raina ta a fuloti, to ya kwana a kanta har ƙarshen ransa.

Baba kuwa ya kwana. Shekara kusan hamsin yana kwana a kan katifar nan a gidanmu na unguwar Dawaki. Sau nawa na ce zan saya masa ta soso, ya ce ba ya so. Yakan ce, "Barci nake har da minshari a kanta, don lambarta na ba ta."

Mutanen zamanin Baba sun ga an sauke tutar Turawa suna samari, kuma sun ɗauki maganar gina ƙasa da gaske, abin tausayi. In rediyo ya ce gwamnati ta fito da sabon tsarin raya ƙasa, Baba kan sa a yi shiru a tsakar gida, har akuya ba ta isa ta yi kuka ba. Ya yarda akwai wasu mutane a can sama, masu tabarau, da suka zauna suka lissafa komai: manomi ya shuka, Baba ya duba, kamfani ya gurje, jirgi ya ɗauki dilolin auduga, masaƙa ta saƙa, mu sa riga. Kuma gaskiya na ɗan lokaci haka abin ya tafi. Ina yaro na ga tarin auduga a filin kamfanin gurza da in ka tsaya gindinsa sai hularka ta faɗi.

Sai man fetur ya zo, kowa ya gano ashe noma wahala ce. Sai aka wayi gari man ya ƙi kuɗi, aka ce mu ɗaure ciki. Muka ɗaure. Aka ce hukumar da ke sayen auduga ita ce matsalar, a rushe ta, kasuwa za ta gyara kanta. Aka rushe, kasuwa kuwa ta gyara kanta da gwanjo da atamfar ƙasashen waje. Masaƙu suka rufe, jirgi ya daina zuwa, ciyawa ta cinye fuloti. Aka sallami Baba da ƙarfinsa, ko furfura bai gama yi ba. Daga nan kowace gwamnati ta hau sai ta zo da nata shirin na farfaɗo da noma, da sunansa mai tsawo, da hularsa, da kalandarsa. Baba ya karɓi kalanda ya rataye. In gwamnati ta faɗi, Dada ta sauke ta shimfiɗa a ƙarƙashin kwanukanta. Har aka ba mu jiha, Gombe ta zama babban birni, muka samu shataletale da fitilun titi, GRA ta cika da gidaje masu katangar da ta fi ta kurkuku. Auduga dai shiru.

Abin da ya rage wa Baba shi ne hannun nan da bakin nan. Matan Dawaki suka gano amfaninsu. Duk wadda za ta haɗa lefe ko kayan ɗaki, kafin ta biya sai ta karɓo shadda ko atamfa daga Kasuwar Gombe ta kawo zaurenmu. "Malam, taɓa mana." Ya murza tsakanin yatsu, ya zare zare ɗaya, ya ɗaga a haske. Ko dai ya ce, "Auduga ce, ki saya," ko ya ce, "Leda ce wannan, mayar masa." Ba ya karɓar ko goro. 'Yan kasuwa sun tsane shi tsana mai ladabi: suna gaishe shi a masallaci, suna yi masa addu'ar ciwon yatsa a zuci. Shi kuwa in mace ta fita daga zaure da kayanta, sai ka ga ya gyara zama kamar wanda aka mayar wa aikinsa.

Ni kuma na girma na zama abin da Baba ke girmamawa daga nesa, wato ma'aikacin gwamnati. Ba zan faɗi ofishin ba, ina son in ci fanshona lafiya. Ya isa in ce wata shekara aka sake tunowa da auduga. Aka fito da sabon shiri, aka kafa kwamiti, aka sa ni sakatare, aka ɗora mana wani darakta mai son a ga hotonsa a jarida fiye da yadda yake son abinci. Aka buga huluna. Aka buga kalanda, na kai wa Baba guda, ya karɓa da hannu biyu.

A zaman farko Darakta ya ce idan kaka ta yi za a yi gagarumin bikin buɗe kasuwar auduga, babban baƙo zai zo daga Abuja, kuma yana son a samo tsohon hannu, wanda ya yi aikin a zamanin da, ya duba auduga a gaban kyamara. Nan fa bakina ya yanka wuyana. Na miƙe tsaye na ce, "Ranka ya daɗe, ai a gidanmu yake." Na ba su labarin hannu har kafaɗa, na ba su labarin katifa, aka yi ta dariya. Darakta ya buga tebur ya ce shi ke nan, an samu. Na koma gida na faɗa wa Baba. Washegari na ga Dada ta fito da tsohuwar rigarsa ta aiki daga adaka tana wankewa.

Abin da ban lissafa ba shi ne ko za a samu audugar. Irin da aka yi wa manoma alkawari bai iso ba sai da damina ta yi nisa, lokacin kowa ya riga ya shuka masara da wake. Taki ya biyo bayansa lokacin da ake shirin girbi, kamar mai zuwa gaisuwar mutuwa bayan an yi arba'in. Kaka ta yi, muka zagaya ƙauyuka da motar ofis kwana huɗu, abin da muka haɗa bai fi buhu bakwai ba. Muka juye a filin tsohon kamfanin gurza, ya tashi ɗan tudu kamar na mai sayar da dankali.

Darakta ya zo ya gani, ya cire hula ya mayar. Ya zaro wani tsohon hoto daga aljihu, na tarin audugar zamanin da, ya kaɗa mana a fuska. "Irin wannan na faɗa wa Abuja muna da shi. Saura kwana biyar. Sakatare, in aka ji kunya, wallahi ƙauyen da zan tura ka ko waya ba ta shiga."

Zan so in ce wani ne ya kawo shawarar. Da akwai wanda zan ɗora wa, da na ɗora masa tuni. Ni ne. Ni da kaina na ce, "Ranka ya daɗe, ai akwai auduga a garin nan, tana cikin katifu." Sai Darakta ya nuna ni da yatsa ya ce wa sauran, "Kun ga mai ƙwaƙwalwa."

Haka aka yi. Muka bi masu ɗinkin katifa a kasuwa muka kwashe abin da suke da shi. Muka bi gidajen tsofaffi a Dawaki da sauran unguwanni, duk inda wata gyatuma ta ƙi rabuwa da katifarta ta aure, muka ce gwamnati na gyara katifu kyauta, za a shiɓe a sake musu riga. Wannan ne shirin gwamnati na farko da na ga jama'a sun amsa da gudu. Aka ɗauko tsofaffin mata masu bakan shiɓa aka zaunar da su a cikin sito, suna shiɓa suna tari suna tsine mana. Yaran ofis ba su san bambancin auduga da audugar rimi ba, har da ta matasan kai suka juye. A ƙasa muka jera buhunan ƙaiƙayi don tudun ya tashi, muka lulluɓe da ta katifu, sannan muka yayyafa buhu bakwai ɗin nan na gaske a sama kamar ana barbaɗa ƙuli a kan kwaɗo.

Har da katifar gidanmu. Eh, na ɗauka. Ta fi kowace girma da nauyi, kakana bai yi rowar auduga ba ranar da yake fushi. Na ce wa Dada gyara za a yi mata. Ta ce, "Ikon Allah, yau kai ne da tunawa da katifa?" Baba ya kwana biyu a tabarma bai yi ƙorafi ba. Da aka shiɓe ta sai ta tashi ta yi kyau fiye da sauran, don haka na sa aka zuba ta ta gefen da ke kallon rumfar manyan baƙi.

Sai ana gobe biki, bayan la'asar, ina tsaye ina sha'awar aikina, abin ya faɗo mini a rai. Hannu har kafaɗa. Kwana biyar ina gina tudun ƙarya, na manta wanda na gayyato ya duba shi. Na je wurin Darakta na ce ko a haƙura da tsohon, ƙafarsa na ciwo. Ya ce an riga an buga a takardar shirye-shirye, kuma babban baƙo ya ji labarin yana ɗokin gani.

Na samu Baba a zaure yana yanke farce. Na zauna na yi ta kewaye-kewaye, na tambayi ƙafa, na tambayi ido. Can na ce, "Baba, gobe baƙon nan na sauri ne. In ka zo, ka ɗan ɗiba daga sama kawai, a wuce wurin."

Ya ɗago ya dube ni. "Daga sama?"

"Don lokaci ne, Baba."

"Minti nawa ne sa hannu a buhu?"

Na ce ai ba buhu ba ne, tari ne, kuma kada ya ɓata rigarsa. Ya ci gaba da yanke farcensa. Ya ce, "Allah ya kai mu." Da na faɗa masa gaskiya a lokacin, da ya zage ni ya ƙi zuwa, da an wuce wurin. Ban faɗa ba. Na zaɓi in yi fatan tsufa ya sa ya manta halinsa, ni da na san hali zanen dutse ne.

Ranar biki fili ya cika. Rumfuna, kujerun roba, makaɗa, 'yan jarida. An kawo manoma cikin bas, kowa da sabuwar hular shiri. Na gane uku daga cikinsu, masu keke napep ne a bakin kasuwa, ɗaya ma har ya ɗaga mini hannu. Tudun kuwa, in faɗi gaskiya, ya yi kyau. Rana ta haska shi fari fat, in ba ka matso kusa ka ji ƙamshin ɗakin tsofaffi ba, sai ka rantse an dawo da zamanin da. Na ga wasu dattawa sun tsaya suna kallonsa, ɗaya yana goge ido da gefen rawani. Wannan ya ɗan sosa mini rai, amma ba ni da lokacin jin kunya, ina rabon ruwan roba.

Babban baƙo ya iso bayan awa uku, da jiniya. Ya yi jawabi. Ya ce auduga farin zinari ce, muka tafa. Ya ce ba za mu sake dogaro da man fetur ba, muka tafa. Ya ce masaƙu za su tashi, matasa za su samu aiki, muka tafa. Duk abin da ya faɗa na taɓa karanta shi a ƙarƙashin kwanukan Dada. Baba na zaune a layin gaba cikin farar babbar rigarsa ta sallah, yana gyaɗa kai ga kowace jimla kamar yau ya fara jinta.

Sai mai gabatarwa ya kira shi, ya zuba masa kirari, gwani na gwanaye, hannu mai gani har hanji. Baba ya tashi a hankali. Na tafi in riƙe shi. Muka isa gaban tudun, babban baƙo a dama, Darakta a hagu, kyamarori a gaba. Na raɗa masa, "Daga sama, Baba." Ko kallona bai yi ba. Ya tuɓe babbar riga ya miƙo mini in riƙe. A ciki tsohuwar rigar aikin ce, wadda Dada ta wanke, ta yi masa yawa yanzu. Ya naɗe hannunta a tsanake, ninki uku, kamar yadda na sha gani ina yaro.

Ya cusa hannu. Wuyan hannu ya shige, gwiwar hannu ta shige, har kafaɗa, kuncinsa ya jingina da tudun. Jama'a suka ɗauki tafi, babban baƙo ya yi dariyar jin daɗi. Ni dai ina ta karanto duk addu'ar da na iya.

Ya zaro. Ya buɗe tafin hannu ya duba. Abu na farko, babu angurya ko ɗaya, alhali audugar manomi da 'ya'yanta take zuwa. Ya murza ta. Ya ɗaga ta a haske, ga tabon nan rawaya-rawaya, shiɓa ba ta fitar da shi ba. Sai ya kai ta hanci. Shekara hamsin Dada na turara ɗakinta da turare iri ɗaya, mu 'ya'yanta bakwai kuma kowa ya bar nasa tarihin a kan katifar nan kafin a yaye shi. Ko makaho ne Baba ya san abin da ke hannunsa.

Ya juyo ya dube ni. Ba harara ba ce, da ma harara ce. Kallo ne kawai, daga fuskata zuwa wuyana, ya tsaya a nan.

Aka kai masa lasifika baki. Babban baƙo ya dafa kafaɗarsa ya ce, "To Baba, me gwani ya ce? Lamba nawa?"

Na ji janareto na ruri, na ji wani jariri na kuka a bayan rumfa. Darakta ya daina murmushi. Baba ya sake duban audugar da ke hannunsa, wadda ya taɓa faɗin lambarta a gaban mai ita, lokacin da auren da yake nema ke iya lalacewa a kan maganar.

Ya ce, "Lamba ɗaya."

Fili ya kaure. Makaɗa suka saki ganga, mata suka rangaɗa guɗa, babban baƙo ya ɗaga hannun Baba sama kamar ɗan dambe. Darakta ya rungume ni, yana ce mini a kunne, "Tsohonka ɗan gari ne!" Baba ya mayar da audugar cikin ramin da ya zaro ta, ya shafe wurin da tafin hannu. Ya karɓi babbar rigarsa ya sa. Ya ƙi tsayawa cin shinkafa, ya ce in sa shi a keke ya tafi gida.

Da yamma aka nuna a talabijin. Dada na kallo da maƙwabta, ni kuma na shigo ina raɓe-raɓe. Ita ba a yi mata bayani ba, da ta ga tudu, ta ga fuskar mijinta, ta tuna katifar da ta tafi gyara, sai ta haɗa. Ta tafa hannu ta faɗi gefe tana dariya. "Audugar babana! Allah ya ji ƙan tsoho, yau ya ci shari'a. Shekara hamsin kafin a ɗaukaka masa ƙara!" Ta yi ta dariya har da hawaye. Ba ta daina ba sai da ta je ɗauko kwanon Baba a zaure ta tarar ko buɗe shi bai yi ba.

Katifu sun koma ga masu su, a gauraye. Wata tsohuwa ta biyo ni har ofis ta ce ta ba da katifa mai laushi an dawo mata da mai ƙulli-ƙulli, kuma tana jin warin mutumin da ba mijinta ba. Tamu ta dawo da sabuwar riga mai furanni. Aka shimfiɗa a gado. Baba ya tsaya a bakin ƙofa ya dube ta, ya ce a bar masa tabarmarsa, bayansa ya saba. Bai sake hawa katifar nan ba.

Ni kuwa na samu takardar yabo, daga baya aka ƙara mini girma. Shirin ya mutu irin mutuwar 'yan uwansa, ba a yi masa ko zaman makoki ba. Filin yanzu tifofi ke kwana a ciki. Hoton Baba da hannu cikin tudu ya fito a kalandar shekarar da ta biyo baya, aka ba ni guda goma in kai gida, na bar su a bayan mota har rana ta cinye su.

Sai da na yi mako biyu ina gudun zaure, in shiga gida da sauri kamar mai zawo. Ran nan dai na daure na zauna. Na ce, "Baba, ka yafe mini."

Ya ce, "Me ka yi? Ba kai ka faɗa ba. Bakina ne."

Na ce, "To me ya sa ka faɗa? Da ka tona mana asiri."

Ya ce, "Na ga wuyan rigarka ya jiƙe sharkaf."

Shi ke nan abin da ya ce a kan maganar, har ya koma ga Allah bayan shekara uku. Da ya zage ni, ko ya ɗaga mini hannu da girmana, da na samu sauƙi. Har yau in na tuna kalmomin nan sai in ji na tsani kaina, kuma ba na jin fansho zai warkar da wannan.

Ranar dai, muna zaune a zauren, ban ma tashi ba, sai ga sallama. Wata maƙwabciyarmu ce, mutuniyar Borno da rikici ya koro su suka zauna a layinmu. Za ta aurar da 'yarta ta fari, kuma ba mai hali ba ce, abin da za ta saya sau ɗaya za ta saye shi. Ta durƙusa ta gaida Baba, ta kwance ƙullinta, ta fito da shadda ruwan sararin samaniya ta ajiye a gabansa.

"Malam, taɓa mana. Mai shagon ya rantse mini, amma na ce sai na ji daga bakinka."

Baba ya dubi shaddar. Na ga yatsunsa sun motsa a kan gwiwa. Sai ya janye hannuwansa duka biyu ya shigar da su cikin riga.

"Ki yi haƙuri, Hajiya. Na daina."

Ta yi dariya, ta ɗauka wasa ne. Ta ƙara tura shaddar gabansa, ta ce ai ba ta da wanda za ta yarda da maganarsa in ba shi ba. Ya ce, "Ki nemi wani." Ta jira, ta ga da gaske yake. Ta ninke kayanta a sanyaye ta ƙulle, ta yi sallama. Na tashi na raka ta ƙofa. A waje ta rage murya ta ce, "Lafiya Malam kuwa? Me ya same shi?"

Na ce mata tsufa ne.